Ɗaya Aka Ɗauka a Kejin Hajiya Kaltume

Sufeto Lawwali yana tsakiyar karyawa da ƙosai a caji ofis na Wurno sai ya ji ana cacar baki da ɗan sandan kanta. Muryar tsohuwa ce, kuma ya gane ta. Kusan duk wanda aka haifa a garin ya san muryar Hajiya Kaltume, tsohuwar ungozoma, domin da yawansu ita suka fara ji a duniya.

"Ku kira min Lawwali," in ji ta. "Ni niy yanke mai cibiya, ba shi barina tsaye bakin kanta."

Sufeto ya fito yana goge mai a hannu. "Inna, lahiya?"

"Lahiya ka kawo mutum nan? An sace min aku."

Ɗan sandan kanta ya duƙar da kai don kada a ga dariyarsa. Sufeto bai yi dariya ba. Shi mutum ne da tambaya ke yi wa ƙaiƙayi, in ta kama shi ko abinci ba ya jin daɗinsa.

"Ba biyu gare ki ba, Inna?"

"Biyu na. Guda anka ɗauka, ran Juma'a, ina wurin suna."

"Gudan fa? Tsere wa ɓarawon yay yi?"

"Shina cikin keji, ƙohwa rufe. Amma tun rannan bai sa komi bakinai ba. In ba ka maido min ɗan'uwanai ba, mutuwa za shi yi, ni kuwa shi kaɗai ka amsa min magana cikin gidanga."

Ɓarawon da ya samu aku biyu a gabansa, ya ɗauki ɗaya, ya rufe ƙofa. Sufeto ya bar sauran ƙosan, ya kira Kofur Sauda, suka bi tsohuwa.

Kejin yana tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, babba ne na ƙarfe, da sanda biyu na sauka da kwanon abinci biyu. A kan sanda guda wani aku mai ruwan toka da jar wutsiya ya takure. Ya fige gashin ƙirjinsa har fata ta fito, gyaɗa da dabino suna zube a gabansa bai ko kalle su ba.

"Wanga shi na Alƙali," in ji Hajiya. Marigayi mijinta ne ya zo da shi daga kurmi zamanin yana fataucin goro. An sa masa sunan ne saboda ba a gardama a gidan bai tsoma baki ya ce ƙarya ne ba. Wanda aka sace kuwa Baƙauye take ce masa. Na ƙanenta ne, Alhaji Mainasara, da ke wani ƙauye bayan Shinaka. Da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen, Mainasara ya koma Sakkwato, ya bar mata tsuntsun.

"Kin haɗa su keji guda ke nan?" Sufeto ya tambaya.

"Wautar da niy yi ke nan. Nic ce ai jinsi guda na, sai in zuba su tare awa kaji. Kahin in juya Alƙali ya cire mai hwarce guda na ƙahwar hagu."

Daga nan aka raba su. Aka rataye kowa a kejinsa kusa da juna, suna kallon juna suna gurnani, har gurnani ya koma fito, fito ya koma miƙa kai ta tsakanin ƙarfe. Sai da aka shafe watanni a haka kafin ta sa mai walda ya yi wannan babban. Tun daga nan ba su da aiki sai sosa wa juna kai.

Sufeto ya tsuguna ya duba ƙofar. An mayar da wayar da ake ɗaure ta, an murɗa da kyau. Babu jini a ƙarfe, babu gashin fiffike a ƙasa.

"Wa yac cika kwanon ruwan rannan?"

"Cike nis same shi. Ni kuwa na san da rabi nib bar shi."

Kofur Sauda ta kai yatsa kusa da ƙarfen tana kiran tsuntsun. Duk da yunwar da ke jikinsa, Alƙali ya kawo sara, da ƙyar ta tsira da yatsanta.

"To, Yallaɓai, wanga ɓarawo hannun ƙarhe gare shi," in ji ta.

"Ko kuwa ba baƙo ba na," in ji Sufeto. "Ya bar mai magana, ya ɗauki mai guntun hwarce, ya tsaya ya ba na baya ruwa. Wa ka shiga gidanga, Inna?"

Mutum biyu ta lissafa. Musaddiq ɗan kabu-kabu mai yi mata cefane, da Malam Iliyasu da ta ba ɗakin zaure. Sai kuma wani Maccido mai sayar da tsuntsaye a kasuwar Rabah, wanda ya taɓa zuwa ya nace a sayar masa.

Sai da yamma suka sake dawowa, suka tarar da Malam Iliyasu yana zaune a zaure yana haɗa shayi. Dogo ne, siriri, da tabon ƙuna a bayan hannun dama. Shi ma daga ƙauyen Mainasara ya zo gudun hijira, shi kaɗai, yana aikin albasa a fadama. Hajiya ta ce tun zuwansa ba ta taɓa jin ya ɗaga murya ba, ba ta kuma taɓa tambayarsa abin da ya baro ba.

"Ina kake ran Juma'a, Malam?"

"Masallaci, ranka shi daɗe. Daga can hwadama."

"Ka san Baƙauye tun can gida?"

"Na san Alhaji na da tsuntsu. Ni ban san komi ga aku ba. Tsoronai ma nikai."

Rana ta yi sanyi a lokacin. Daga cikin gida sai aka ji ƙarar babura kamar suna tahowa daga nesa. Kofur Sauda ta leƙa waje, titi babu kowa. Sai kuma muryar mace, siririya, mai jan ƙarshen suna.

"Mujaheed! Mujaheed, taho gida!"

Sufeto ya juya. Hajiya ce ta leƙo daga tsakar gida ta ce kada su damu, Alƙali ne. "Kayan ƙauye na da Baƙauye yaz zo da su, baburan da kiran dut. Da sunka zama keji guda Alƙali yak kwashe. Tun da anka raba su kuwa ba shi da wata magana sai wagga, kullum da marece."

"Wa na Mujaheed?"

"Wa yas sani? Wani ɗan ƙauyensu."

Da Sufeto ya dawo da idonsa kan Malam Iliyasu, ya ga kofin ya cika, shayi yana zuba a kan tabarma, mutumin kuma bai daina tsiyayawa ba. Sufeto ya gani, ya yi sallama.

Sun sami Musaddiq a inuwar 'yan kabu-kabu da tsumma ɗaure a babban yatsa. Kofur Sauda ta kalli Sufeto da murmushin wadda ta gama aiki.

"Mi yas sami yatsa?"

"Sarƙar mashin ta, Yallaɓai."

"Kwance mu gani."

Ya kwance yana ɓata rai. Sara ne mai lanƙwasa, amma ya bushe har ya fara ɓawo.

"Sarƙarka baki gare ta?"

"To, Alƙali na. Tun wancan sati, ina miƙa mai gyaɗa. Kunya ta sa nic ce sarƙa, kada abokai su sa ni gaba."

"Ran Juma'a ka ɗauki wani daga ƙohwar Hajiya?"

"Ban ɗauki kowa ba," in ji Musaddiq, da sauri fiye da yadda tambayar ta nema.

Sufeto ya bar shi. Ciwon ya girmi satar, wannan gaskiya ne. Amsa ta biyun ce bai saya ba.

Washegari suka nufi Rabah. Kafin su tashi Sufeto ya biya gidan Hajiya, ya tarar Alƙali ya sauko daga sanda ya kwanta a ƙasan keji, idonsa rabi a rufe. Tsohuwa tana ɗiga masa ruwan zuma da cokali, yana kau da kai. Ba ta yi wa Sufeto faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan damunsa.

Maccido yana bayan 'yan kaji da kejunan kanari da tattabaru. Da ya ga kaki sai ya rantse bai taɓa taka Wurno ba, bai ma san akwai aku a ƙasar nan ba.

"Hajiya Kaltume ta ce ta kore ka da muciya," in ji Sufeto.

Maccido ya sosa ƙeya. "Tsintsiya ta, ba muciya ba. Na je, na taya, ta hana. Amma Yallaɓai, in ni na, mi za ni yi da guda? Aku da ya saba da ɗan'uwa, ka raba su, gawa kaɗ ɗauko. Kuma baƙo ba shi sa hannu kejin biyu shi hito da yatsunai cikakku."

"To wa ka iyawa?"

"Wanda tsuntsun ka hawa hannunai don kainai."

Sufeto ya tambaye shi ko wani ya kawo masa tallan aku a 'yan kwanakin nan. Maccido ya ce babu. Har sun juya sai ya kira su.

"Akwai dai wani da yaz zo kasuwar da ta wuce. Bai sayi komi ba. Tambaya ɗai yay yi, wai shin aku na mantuwa? In an kai shi nesa, shina mance abin da yaj ji?"

"Mi kac ce mai?"

"Nic ce aku har shi tsuhwa ba shi mance abin da yaj ji. Sai yay yi tsaye awa an dasa shi. Dogo na, da tabon wuta ga hannu."

A hanyar dawowa Kofur Sauda ta ce a je a kamo Malam Iliyasu kawai. Sufeto ya ce kama mutum ba shi zai sa Alƙali ya ci gyaɗa ba, tsuntsun ake nema tukuna. Suka sake tsayawa wurin 'yan kabu-kabu.

Wannan karon Sufeto bai yi tambaya ba. Ya gaya wa Musaddiq yadda ya bar Alƙali kwance da safe, da yadda tsohuwa ke bin sa da cokali. Musaddiq ya daɗe yana wasa da makullin mashin.

"Taloka nik kai shi," ya ce. "Malam Iliyasu, da kwando rufe da zane. Ya ce kaji na. Kaza ba ta fito, Yallaɓai, na ji fito tun daga Wurno har Goronyo."

"Don mi kaɓ ɓoye?"

"Mutumin ga ya ga abin da ya gani. Ban so in zama ni ka ƙara mai."

A Taloka ta ƙasar Goronyo, gidan da Musaddiq ya nuna na wani masunci ne mai suna Kabiru, a bakin hanyar da ke gangarawa ruwa. Suna shiga suka hangi jar wutsiya a cikin akurkin kaji, kusa da inda aka shanya komar kamun kifi.

"Nawa na," in ji Kabiru. "Tun ina saurayi nike da shi."

"Madalla. Mi kake ba shi?"

"Kihi. Da ɗan tuwo."

"Shina ci?"

Kabiru ya kalli busasshen kifin da ke zube a akurkin ba a taɓa ba. "Kwanan ga dai ba shi da marmari."

Sufeto ya duƙa. Tsuntsun ya rame, shi ma ya fara fige ƙirji. A ƙafar hagu farce guda babu. Da aka nuna wa Kabiru, sai ya sauke murya ya ce ajiya ce wani ɗan'uwa ya kawo, ya roƙe shi ya riƙe, kada ya sayar, kada kuma ya yanka. Shi bai tambayi dalili ba. Da ƙyar suka juye tsuntsun a kwando, sai da ya tsaga hannun rigar Kofur Sauda.

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka iso Wurno. Sufeto ya tara su a tsakar gidan Hajiya: ita, da Musaddiq, da Malam Iliyasu da aka kira daga fadama da laka a ƙafa. Ya ajiye kwandon a kan turmi, bai kai shi keji ba. Hajiya ta miƙe za ta ɗauka, ya roƙe ta ta ba shi ɗan lokaci.

"Malam, Musaddiq ya ce ya kai ka Taloka da kwando."

"Kaji na, ranka shi daɗe. Na kai ma ɗan'uwana."

"Kuma ba ka san komi ga aku ba."

"Hakanan na."

Hajiya ta juyo da mamaki. "Kai Iliyasu? Ba kai kac ce in raba su keji biyu in rataye kusa da juna ba, sanda Alƙali yac cije shi? Ba kai kas sa mai magani ga ƙahwa ba?"

Sufeto ya yaye zanen, ya buɗe kwandon, ya miƙa nasa hannun. Baƙauye ya kumbura ya yi gurnani. Musaddiq ya miƙa daga nesa, da yatsansa mai tsumma a ɓoye a baya, tsuntsun ya kai masa sara.

"Saura kai, Malam."

Ya daɗe a tsaye. Daga baya ya matso, ya miƙa hannun nan mai tabo. Baƙauye ya kwantar da gashinsa, ya ɗaga ƙafa mai guntun farce ya taka yatsan, ya haura har wuyan hannu, ya sunkuyar da kai yana jiran susa. Yatsan Malam Iliyasu ya kai kan wuyan tsuntsun da kansa, yadda hannu ke yin abin da ya saba.

"Ni niɗ ɗauke shi," ya ce.

"Na sani," in ji Sufeto. "Dalilin nike nema tun jiya. Wa na Mujaheed?"

"Autana na."

Hajiya ta dafe ƙirji ta zauna a bakin rijiya.

Ya yi bayani a hankali, idonsa a kan tsuntsun. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na Alhaji Mainasara. Akun yana rataye a zauren Alhaji, yara suna wuni a wurinsa, shi Iliyasu ne ma ke ba shi abinci in Alhaji ya yi tafiya. Kullum da yamma matarsa Adama takan leƙo ta katanga ta kira yaron. Ranar da babura suka shigo, yana gona. Ya dawo ya tarar da wuta, a nan ya ƙone hannu. Adama da Mujaheed an tafi da su daji, har yau babu labari.

"Da niz zo nan nis same shi, ba shi magana, tsoro ya kama shi. Nic ce Alhamdulillahi. Ni da kaina nig gyara zamansu da Alƙali, don tausai. Da yas saki jiki sai yaf fara. Kullum marece, baburan, sannan ita. Ina zaure, katanga guda, awa can gida. Har miƙewa nikai in duba ko yaron ya shigo."

"Mi yah hana ka gaya ma Inna?"

"In ce mata mi? Ta ba ni ɗaki, in ce ta fid da abin da ka ɗebe mata kewa?"

"Kuma ba ka kashe shi ba."

Malam Iliyasu ya ɗago kai a karon farko. "Ranka shi daɗe, ba ni da hotonta. Komi ya ƙone. Muryarta nan ɗai tar rage. Nesa nis so in kai ta, ba in kashe ta ba." Ya shafa wuyan tsuntsun. "Na dawo daga Taloka na zamna, nic ce yau zan ji shiru. Marece na yi sai ga ta. Ban san Alƙali ya ɗauka haka ba. Da can sau guda sukai su bari. Tun da nir raba su, shi ka kira har duhu. Ɗan'uwanai shika nema da sunan ɗana."

Sufeto ya ji tausayi ya kama shi, ga kuma haushin kansa, domin amsar da ya yi ta nema ta zo, kuma bai ji daɗinta ba.

"Kai shi gida, Malam," ya ce.

Malam Iliyasu ya kwance wayar, ya sa hannu cikin kejin. Baƙauye ya sauka. Alƙali ya buɗe ido, ya ja jiki daga ƙasan keji da baki da ƙafa, yana zamewa yana sake kamawa, har ya hau sanda. Suka tsaya suna kallon juna. Hajiya ta zuba musu ido, tana tuna farcen nan. Sai Alƙali ya sunkuyar da kai, Baƙauye ya sa baki cikin gashin wuyansa. Can an jima Baƙauye ya ɗauki gyaɗa ya fasa, Alƙali ya karɓe daga bakinsa.

Hajiya tana hawaye tana dariya. Da ta ga Kofur Sauda ta matso kusa da Malam Iliyasu sai dariyar ta ɗauke.

"Lawwali, na janye. Ban kai ƙara ba."

"Kin kai, Inna, an rubuta. Sai shi zo shi ba da sitatimen, ke kuma ki zo da sahe ki hwaɗi haka gaban Di-fi-o. Ni ma zan yi magana."

Kofur Sauda ta taɓa ankwar da ke ɗamararta, Sufeto ya girgiza kai. Malam Iliyasu ya murɗa wayar ƙofar da kyau, ya duba kwanon ruwa, ya sa takalmansa ya bi su.

Sun kai tsakiyar zaure ke nan sai ƙarar babura ta taso daga tsakar gida. Bayanta muryar mace ta biyo, wata kuma irinta sak ta amsa daga sanda ta biyu.

"Mujaheed! Mujaheed, taho gida!"

Malam Iliyasu ya tsaya, ya dafa bango da hannunsa mai tabo.

"Ranka shi daɗe," ya ce, "mu ɗan dakata ta ƙare kira."

Sufeto Lawwali ya cire hularsa ya riƙe. Su uku suka tsaya a zauren har ta gama, sannan suka fita.